Cukun Goggo Hajo da Layin da Na Goge

Tun da na dawo daga Bagudo ban huta ba. A ofis, a gidan biki, har wurin mai ɗinkina, tambayar ɗaya ce: "Bilki, an ce har Benin kika shiga, yaya can ɗin yake? Ina tsarabarmu?" Na ba da labarin nan ya fi sau goma, kuma na lura duk sanda na maimaita shi sai in ƙara wa kaina wayo kaɗan, in rage wautata kaɗan. Kafin in wayi gari na zama jarumar labarin, gara in rubuta shi yadda ya faru. Tsaraba kuwa babu, sai labarin nan.

Bari in fara da aikina, don ko mahaifiyata har yau in an tambaye ta cewa take yi, "Danne-danne take yi a kwamfuta." Kamfaninmu ƙarami ne a Kano. Mun yi wani mataimaki na ƙirƙirarriyar basira wanda 'yan kasuwa ke yi wa tambaya ta waya, da rubutu ko da murya, ya amsa musu da Hausa. Shi kansa bai san komai game da kasuwa ba. Kayan aiki aka jera masa, wato ƙananan manhajoji: wannan yana duba farashi, wancan yana duba halin hanya, wani yana faɗin ranar kasuwa, akwai kuma wanda ke tura tambaya ga mutanenmu, direbobi da masu jirgin ruwa, in abu ya gagara. Kowane kayan aiki da ɗan bayaninsa a rubuce, kuma mataimakin ba ya leƙa ciki. Kamar mai girki ne a kicin ɗin da ba nasa ba, gwangwanaye duk a rufe, abin da aka rubuta a jiki kawai yake bi. In an rubuta sukari a gwangwanin gishiri, masu shan kunun ranar sai haƙuri.

Ni ce mai duba waɗannan bayanai. In karanta, in ga ko an faɗi abin da kayan yake yi, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar, sai in ba da maki cikin goma, in gyara. Kuma na tsani surutu a rubutu. A ofis Almakashi ake ce mini, ina ma jin daɗin sunan. Wanda ya fi shan almakashina shi ne Sani, ɗan wajen Kamba, mai rubuta mana manhajojin. Sani in zai yi bayanin kayan aiki sai ka rantse wasiƙa yake rubuta wa kakarsa.

Ana haka sai ƙorafi ya fara zuwa daga matan Lolo, can ƙasar Bagudo a bakin iyakar Benin, wai mataimakin yana yi musu ƙarya. Oga ya ce in je in gani da idona. Na haɗa jaka da tabbacin cewa matan ne ba su iya tambaya ba, kwana biyu in koya musu in dawo.

Daga Kano zuwa Birnin Kebbi yini guda ne cur. Kusa da ni wani dattijo mai fataucin albasa ne, wanda tun kafin mu kai Gusau ya gama sanin sunan ubana da unguwarmu da dalilin da ya sa ban yi aure ba tukuna. Da ya zo kan sana'a na yi masa bayani dalla-dalla, har da misalin gwangwani. Ya tauna goro, sannan ya juya ya sanar da 'yan bayan mota: "Jama'a, yarinyar nan aljani take koya wa karatun lakabi." Daga nan har muka sauka babu wanda ya sake miƙo mini ko gyaɗa.

Na kwana gidan wata 'yar uwarmu, da safe na shiga motar Bagudo. Na nemi gidan gaba don in miƙe ƙafa, direba ya ce ba damuwa, sannan ya ɗora mini injin ban ruwa a kan ƙafafun. Ƙofar ɓangarena da igiya aka ɗaure ta, shi kuma tasa ba ta buɗuwa sam, don haka duk inda aka tsayar da mu ta taga yake fita, ta taga yake dawowa, cikin natsuwa kamar haka aka ƙera motar. Wata mata 'yar Geza ta yi ta ba ni haƙuri daga baya tana cewa, "Ki gode Allah, ɗiyata, ni wancan mako rago anka aza mani." Mun haye Kwara ta babbar gada, na ga ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba, amma hankalina yana kan yatsun ƙafata da suka daina jin komai.

A Lolo gidan Hajiya Kulu aka sauke ni, shugabar mata 'yan kasuwa. Bakaba ce 'yar Argungu da aure ya kawo nan, doguwa, mai murya kamar ta sanarwa. Tana jin cewa asalina Katsina ne ta tafa hannu, don Kabawa da Katsinawa abokan wasa ne.

"Bakatsiniya? Alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mani baiwata har gida! Ku ba ta tsintsiya."

Na ce, "Hajiya, mu da muka zo koya muku wayewa?"

"Ci tuwo tukun, mu ga in kin iya cin kihi ba ki haɗiye ƙaya ba."

Ban iya ba. A Kano ɗan kifi ake jefa wa miya don ƙamshi, a Lolo kuwa miya ake ɗiga wa kifi. An kawo tuwon shinkafa da wani kan kifi da ya cika kwano yana kallona, na yi ta fama, ƙaya ta tsaya mini a wuya, sai da Hajiya ta sa na haɗiyi lomar tuwo ba tauna tana dukan bayana tana yi wa Katsinawa addu'a. Sauron garin kuma ba ya jin maganin da na zo da shi daga Kano, ina jin ma daɗinsa ya ji.

Washegari Talata mata suka taru a tsakar gidan. Hajiya ta yi magana a madadinsu.

"Abin nan naku shina da kirki ga kassuwanninmu, ba mu hana mai ba. Amma in anka tambaye shi tsallake, sai shi yi ta zuba awa wanda anka haihwa can."

Da na tsaya na tambaye ta me take nufi, da labarin nan ya ƙare a nan. Amma ni da lacca na zo, kuma sai da na yi ta. Ina cikin koya musu yadda ake yin tambaya a taƙaice sai wata tsohuwar Bafulatana ta yi sallama, siririya, da babbar roba a ka, wata mata na biye da ita da ta biyu. Aka ce Goggo Hajo ce, daga rugar bayan gari.

Cuku ne a robobin. Ga waɗanda ba su sani ba, madarar shanu ce ake dafawa da ruwan tumfafiya har ta kama, a zuba a ƙananan kwanduna ta tsane, ta fito dunƙule-dunƙule. Ba ya jimawa, kwana kaɗan ne ya juya. Goggo ita ce mai ƙetara wa matan rugarsu da shi, gida biyar, don a tsallaken iyaka an fi son sa. Ta yi mako uku a Kaoje wurin 'yarta da ta haihu, ta dawo ta tarar sun tara na kwana uku suna jiran ta, ga kasuwar Lolo ta riga ta wuce.

"Hajiya," in ji ta, "ƙirgen Tungar Sabi ya ɓace mani. Gobe ta ko jibi?"

Tungar Sabi wani ƙauye ne a cikin Benin. Ni a raina na ce tsufa ke nan, mutum ya manta ranar kasuwar da ya shekara yana ci. Hajiya ta ce ta bari zuwa la'asar, masu jirgi su dawo a tambaye su. Nan fa Almakashi ta ga dama ta samu. Na ce ina amfanin jiran la'asar ga amsa a hannu? Na danna waya na kara a bakin Goggo. Ta kalle ta a kaikaice, ta gyara mayafi, ta gaishe ta tukuna.

"Malam na cikin waya, ina wuni. Gobe kassuwar Tungar Sabi na ci?"

Mataimaki ya amsa da muryarsa mai sanyi: "Lafiya lau, Goggo. Ƙwarai kuwa, gobe kasuwar Tungar Sabi take ci. Allah ya ba da sa'a."

Goggo ta ce amin, fuskarta ta saki. Hajiya kuwa ta zuba mini ido.

"Baiwata, kin tabbata? Wanga cuku ba nata na ita ɗai ba. Amanar mutane ta."

Na ce, "Hajiya, bayanin kayan aikin da ya ba da amsar nan ni na duba shi da hannuna. Goma bisa goma na ba shi."

"To tunda kin yarda da shi haka, ki bi ta gobe ki gano muna."

Na ce ko yanzu. Ba a sake maganar masu jirgi ba.

Da sassafe muka hau babura biyu, kowacce da roba ɗaure a baya. Iyakar da nake ta zullumi ashe rumfar kwano ce da igiya a gicciye, akuya ma tana wucewa ta ƙarƙashi ba wanda ya tambaye ta takarda. A ɓangarenmu aka duba katina aka ce Allah ya kiyaye. A nasu ɓangaren wani jandarma, wato ɗan sandan can, mai fara'a ya buɗe babban littafi, ya yi mini Faransanci na yi masa murmushi, sannan ya koma wata Hausa mai tafiya da sanda.

"Madam, aiki naka mene?"

Na fara: akwai mataimaki, akwai kayan aiki, akwai bayani. Ya ɗaga biro yana jira. Na kawo misalin gwangwani. Ya leƙa robar yana neman gwangwanin. Goggo ta gaji, ta matso.

"Ɗaukar kaya take yi mani."

Fuskarsa ta washe, ya rubuta, ya sa aka sauke igiya. Shekara huɗu a jami'a da biyu a kan digiri na biyu, ga abin da ke rubuce a littafin ƙasar Benin game da ni. Na ji haushi a lokacin, ban san gaskiya mutumin ya rubuta ba.

Masu babur suka ajiye mu a bakin wata fadama da ruwa ya cika, muka shiga jirgi. Mu kaɗai ne fasinja. Na ga Goggo tana waige-waige, ban gane ba. Sai da muka kai tsakiyar ruwa mai jirgin ya dubi robobin ya ce, "Goggo, ina za ki da kaya yau?"

"Tungar Sabi."

"Tungar Sabi jiya ta ci."

Ku ji abin da na yi. Na ciro waya, na sake yin tambayar, na ɗaga masa ya ji da kunnensa cewa yau take ci. Mutumin da ya yini jiya yana ƙetarar da 'yan kasuwar nan da buhunansu, shi nake wa musu a cikin jirginsa. Bai ko yi fushi ba. Ya ce, "To, ƙila ta waya daban ta," ya ci gaba da tuƙi. Sai da muka kusa gaɓa Goggo ta ce tunda an riga an jiƙa ƙafa, a je a gani.

Mun gani. Rumfuna a jere babu kowa, ɓawon rake da ganyen jiya a ƙasa, awaki sun kwanta a kan teburan mahauta. Goggo ta sauke robarta a inuwa, ta zauna, ta buɗe, ta ɗauki cuku ɗaya daga ƙasa ta shinshina, ta mayar. Na so ta zage ni. Wallahi da ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta ko kalle ni ba, sai ta ce a hankali, kamar da robar take magana, "Na Inna Wuro na ƙasa, shi ya fi daɗewa." Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan ajiye idona.

Muna nan sai ga wata mata ta taho a kan babur, ita ke tuƙi, da goyo a baya da buhun gawayi a gaba. Na saki baki, don ni a unguwarmu ko keke mace ta hau sai an yi mako ana zancen. Maman Biba ce, mai sayar da kofi da burodi a bakin kasuwar, tsohuwar ƙawar Goggo. Suka gaisa da Dandanci, yaren mutanen wurin, suka koma Fulatanci, sannan don ni suka sauko Hausa. Ita ta warware mini abin da kowa a wurin ya sani ban da ni.

"Mu nan kasuwa ba ta bin mako. Gari huɗu ne, tana zagayawa. Jiya mu, yau wancan, gobe na gaba, jibi na gabansa, ranar Asabar ta dawo mana. In ta ci Asabar, ta gaba Laraba, ta gaba Lahadi. Ba ta da rana, ƙirge gare ta."

Wato abin da Goggo take nufi ke nan da ƙirge ya ɓace mata. Ba tsufa ba ne. Na tambaya ko za mu iya bin kasuwar inda take yau, Maman Biba ta ce kafin mu isa an watse, gobe kuma ta ƙara nisa. Asabar kuwa cukun nan ba zai gan ta ba.

Na koma gefe na buɗe ajiyar aikina a waya, inda ake ganin duk gyaran da aka yi wa kowane bayani. Abin da ya faru a fili yake. Wanda ya tattara mana ranakun kasuwanni ya zo Tungar Sabi wata Laraba, ya tarar tana ci, ya rubuta Laraba, don manhajar gurbin ranar mako kawai gare ta. Wannan kuskure ne, amma ba shi ya kawo mu nan ba. Ga bayanin da mataimakin yake karantawa, wanda na ba goma bisa goma: "Yana faɗin ranar da kasuwar kowane gari take ci. A ba shi sunan gari." Tsaf, ba ƙari. A ƙarƙashinsa kuma ga abin da Sani ya rubuta tun farko, da jan layi a kai:

"Amma fa a lura, wannan kasuwannin mako kawai ya sani, irin namu na nan gida. A tsallaken iyaka akwai masu ci kwana huɗu-huɗu, ni ma kakata can take zuwa, to waɗannan ko ya ba da rana kada a yarda da shi, a tura tambayar ga masu jirgi ko direbobi, su suka san ƙirgen."

A gefe, da sunana da komai, na rubuta: "Surutu. Kakarka ba ta cikin aikin nan. An yanke."

Na kashe wayar na sa a jaka. Ban gaya wa kowa ba.

Maman Biba ba ta da lokacin jimami. Ta ce a can daga azahar kowa rufe ƙofa yake yi ya kwanta sai ƙarfe uku, har mai shago, har mai gyaran babur, don haka muna da lokacin ceton abin da zai cetu. Aka hura wuta, aka tafasa ruwa da gishiri da karan dafi, aka riƙa tsoma cukun yana fitowa ja, yadda mutanen can suke son sa. Ni aka ba fifita wuta. A nan na lura kowane cuku da zanen kwandon da aka tsane shi a jiki, kuma Goggo tana ɗagawa take faɗin mai shi: mai ƙananan ido na Inna Wuro ne, mai layi-layi na amaryar gidan Ja'e, mai faɗin gindi nata. Wasu tun a hannu suke narkewa, sun yi yauƙi suna tsami. Waɗannan ta ware su gefe.

Ƙarfe uku Goggo ta naɗa gammo ta ɗora mini a ka.

"Tashi, mai ɗaukar kaya. Tunda kassuwa ba ta zo ba, mu mu je mata gida-gida."

Jama'a, na yi talla a ƙasar waje. Roba a ka, jakar kwamfuta a baya, ruwan cuku yana bin wuyana yana shiga riga. Maman Biba ta koya mini gaisuwar Faransanci guda, na yi ta raba wa mutane ita har da waɗanda suka yi mini sallama da Hausa. Da na ga abin ba ya tafiya da sauri, sai halin zaman Kano ya motsa, na ɗaga murya: "Ga cuku sabo fil! Na yau ne, mai kyau!"

Goggo ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Wa ya ce maki na yau na?"

Na ce, "Goggo, ai haka ake talla."

"Can garinku. Ni gobe ma ina dawowa garin ga."

A gidan da muka shiga na gaba na ga yadda take yi. Matar gidan ta ɗauki ɗaya, Goggo ta karɓe ta ba ta wani. "Wanga na shekaranjiya na, mun sake dahwa shi. In soyawa za ki yi yau, ɗauki. In ajiyewa za ki yi, kak ki saya, ba shi kai gobe da rana. Wancan shina kwana biyu in kin tahwasa shi da sahe." Matar ta ce na miyar gobe take so, Goggo ta ce to ɗaya kawai za ta ba ta, sauran ba su dace da ita ba. Ina tsaye da roba a ka ina jin tsohuwa tana hana a sayi kayanta, a ranar da ta fi kowace rana buƙatar a saya. A kowace ƙofa sai ta faɗi abin da cukun zai yi, ta faɗi inda ya tsaya. Surutun da na shekara biyu ina yankewa ke nan, kuma matan suna jin ta suna miƙo kwano ba tare da sun ko shinshina ba.

Kafin magariba mun sayar da roba ɗaya da kusan rabin ta biyu. Sauran ya riga ya tafi, agwagin Maman Biba suka yi biki. A gidanta muka kwana, da safe ta ba mu kofi mai madarar gwangwani da wani burodi dogo mai tauri wanda in an rasa abin kora kare zai yi. Na ci don yunwa, ya yanke mini dasashi. Muka kamo hanya, jandarman jiya ya gan ni da robobi biyu a ka ya ɗaga mini babban yatsa, alamar ina ci gaba a sana'a.

Sai da na raka Goggo har ruga. Matan suka fito suka kewaye ta, ta zauna a kan tabarma ta kwance bakin zaninta, ta miƙa wa kowacce ƙullin kuɗinta. Da Fulatanci suke magana, amma matar da ta rako ta gidan Hajiya ranar Talata tana fassara mini. Goggo ta ce musu ba a tarar da kasuwa ba, an yi talla, wani ya lalace. Inna Wuro, wata tsohuwa da ta fi ta shekaru, ta tambaya na wa ya lalace. Goggo ta ce, "Nawa. Duka nawa na."

Ni na fifita wutar nan, na ga zanen waɗanda aka ware. Masu ƙananan ido sun fi yawa a ciki, masu faɗin gindi kuwa kusan duk an sayar da su. Ta ba su nata, ta tashi da zani babu ƙulli ko ɗaya, bayan mako uku ba ta gida. Ba ta ambaci waya ba, ba ta ambace ni ba.

A hanyar komawa gari na buɗe jaka na ce don Allah ta bari in cike mata. Ta ture hannuna.

"Ɗiyata, ba ke kinka ɗauke ni ba, ƙahwata ta kai ni. Ni da nis san a jira masu jirgi."

Muna isa gidan Hajiya Kulu na kira Sani. Na ce ya mayar da layin nan yadda ya rubuta shi, har da kakarsa, kada ya taɓa ko wasali. Ya ce, "Almakashi, lafiya kuwa?" Na ce ya yi abin da na ce. Na kuma gaya wa Oga cewa duk bayanan da na ba maki sai an sake duba su, don takardar makin tawa ba ta tambayar inda kayan aiki ya tsaya, kuma ni na tsara ta.

Hajiya ta riga ta ji komai daga mai jirgi, ta tara mata tana jirana da dariyarta a shirye. Ta ce a sake gwadawa a gaban kowa. Na kara wa Goggo wayar. Wannan karon ba ta gaishe shi ba.

"Kassuwar Tungar Sabi, yaushe?"

Mataimakin ya ce, "Goggo, wannan kasuwa ba ta bin mako, ranarta ba ta cikin abin da na sani. Na tura wa masu jirgi tambayar, da sun amsa zan gaya miki."

Goggo ta karɓi wayar daga hannuna, karo na farko, ta juya ta gaba da baya.

"Ashe ya iya cewa bai sani ba. To wa ya hana shi hwaɗi ran Talata?"

Ina iya cewa na'ura ce, haka suke. Babu wadda za ta musa mini a wurin. Na ce, "Ni ce, Goggo. An rubuta masa ya faɗa, ni na goge, don na ga ya yi tsawo."

Hajiya ta buɗe baki za ta fara, ta dubi fuskata, ta fasa. Goggo ta daɗe tana kallona. Sannan ta kama hannuna ta sa mini wayar a ciki, ta rufe yatsuna a kai da nata hannun mai kaushi.

"To ki bar mai bakinshi," ta ce. "Asabar in Allah ya kai mu akwai wani cukun, kuma na Inna Wuro na ciki."